'Yar Tagar Baba Kyari

Na ga kuna ta murmushi tun da na shimfiɗa buhu a ƙasa na jera sifanoni, duk saboda ɗan gilashin da bai fi tafin hannu biyu ba. Ku yi abinku, ni ma na yi irin wannan dariyar lokacin da gashin kaina yake baƙi. A wurinku aikin gilashi shi ne babban na gaba, wanda sai mutum biyu sun kama, a shafa gam a manna, mai mota yana tsaye yana jinjina kai. Wannan 'yar taga mai kusurwa uku da ke jikin ƙofar tsohuwar a-kori-kura kuwa ko kallo ba ta ishe ku ba, don motocin yanzu ba sa zuwa da ita. To ku jawo tayoyin nan ku zauna. Duk tsawon zaman da na yi ina aikin gilashin mota a Haɗeja, ba abin da ya taɓa ba ni mamaki kamar 'yar tagar nan, kuma ban taɓa ba ku labarin ba.

Ita ce aikin farko da aka ɗora mini a wannan sana'a. Maigidana Oga Bitrus mutumin Filato ne, ya zo garin nan tun yana saurayi ya kafa rumfa kusa da tasha, har bakinsa ya koma na Haɗeja fiye da nawa. Ranar da mahaifina ya kai ni wurinsa, bai miƙo mini tsintsiya ba kamar yadda ake yi wa sabon shiga. Wata tsohuwar ƙofar mota ya jawo daga bayan rumfa, ya jingine ta da darbejiya, ya ce in ciro masa 'yar tagar lafiya. Na ce a raina kafin shayinsa ya huce na gama. Rana ta take, ta karkata, ina nan ina haɗa gumi. Na kwance duk abin da idona ya gani, taga ta ƙi motsi. Da na gaji na sa sukudireba na ɗan ɓanɓara, sai ji na yi tas, gilashi ya zube a ƙafata kamar gishiri. Oga Bitrus ko ɗaga murya bai yi ba.

Ya ce, "To, yau ka koyi abu ɗaya. Wannan gilashin ba ya tsagewa ya gargaɗe ka, tarwatsewa yake yi. Akwai wata ƙofar a baya, je ka ɗauko."

A ƙofa ta biyu ya nuna mini cewa abin da ke riƙe da ita ba a waje yake ba. Sai ka cire hannun ƙofa da mariƙin ɗaga gilashi, ka ɓalle kwalin ciki, ka sauke babban gilashin har ƙasa, sannan ka zura hannu cikin ƙofar inda ido ba ya kaiwa. A can akwai wani siririn ƙarfe da tagar ke juyawa a kansa, an zura masa zobba da sifirin, an ɗaure da noti. Duk lafiyar tagar a wannan notin take. In ka matse shi da yawa, direba zai yi ta kokawa da ita har ya karya 'yar sakatar. In ka sassauta, iska ce za ta riƙa buɗewa tana rufewa yadda ta ga dama. Oga Bitrus da ƙaramin yatsansa yake gwadawa. Ya tura ta, ta tafi ba gardama, ya ɗauke yatsa, ta tsaya cak inda ya bar ta. In ba haka ba, kwancewa za ka yi ka sake, ko da mai motar yana tsaye a kanka yana tsaki.

Kayan gyaranta kuwa tun a zamanin ma ba a cika samun su a kanti ba, balle yanzu. Robar da ke zagaye da ita rana ce ke cinye ta har ta koma kamar busasshen ƙanzo, sai mu yanka tsohon tub siriri mu ninka, mu shafa ruwan sabulu mu cusa a hankali. In gilashin ya fashe, kwali muke yankawa daidai da firam ɗin, mu ɗora a kan gilashin gaban tsohuwar bas, irin mai leda a tsakiya. Ka tsaga sama, ka juya ka tsaga ƙasa, ka ɗiga sifirit a tsagar ka kyasta ashana, ledar ta yi laushi ka raba. Sannan ka zauna da dutsen wasa da ruwa kana goge bakin har ya daina yanka. Zobban da ke ƙarƙashin sifirin su ne sirrin Oga Bitrus. In na asali suka cinye, ba ya sa na ƙarfe. Wurin dukawa yake aikena in roƙo guntayen fatar sa mai kauri, mu huda mu yanka, mu jiƙa a baƙin mai. Fata tana riƙewa, kuma ba ta yin ƙara.

Masu a-kori-kura su ne mutanenmu. Masu ɗauko bandar kifi daga wajen Baturiya, waɗanda kafin su shigo gareji hancinka ya ba ka labari. Masu shinkafar Auyo. Masu raguna daga Birniwa. Kowa da abin da yake yi da 'yar tagarsa. Wani ta nan yake tofar da tukar goro, wani ta nan hayaƙin sigarinsa ke fita, wani kuma juya ta yake yi gaba ɗaya ta riƙa kwaso masa iska tana zuba masa a ƙirji lokacin bazara. Da damina kuwa kowa yana nemanta, don in ana ruwa ka rufe manyan gilasai, tururi sai ya rufe maka na gaba, amma da ka ɗan buɗe ta sai ya washe. Ni dai iyakar abin da na sani ke nan game da amfaninta, har na buɗe rumfata, har Oga Bitrus ya tsufa ya koma gida.

Baba Kyari daban yake a cikinsu. Babarbare ne, dogo, ba ya yawan magana sai in ya tashi tsokanata, don ni asalinmu Fulani ne, kun kuwa san wasan da ke tsakani. Da ya shigo sai ya ce, "Bafulatani da sifana. Ina ka bar mana shanunmu?" An san shi da abu ɗaya a duk tashar nan. In ruwa ya rufe hanyoyin fadama, direbobi suka ajiye motoci suka koma zaman inuwa, shi shiga yake yi ya fito. Mutane suka ce laya gare shi, wasu suka ce da aljanun ruwa yake aiki. Abin da ni na lura da shi shi ne, duk farkon damina sai ya kawo mini 'yar tagar gefensa, ta hagu, in kwance in wanke in sake mata fata, ko da ba abin da ya same ta. Ta dama kuwa ko kallonta ba ya yi, har tsatsa ta kama ta ta sandare.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Aka kai shi asibiti, likitoci suka ce ba yana ba ce da za a cire, irin ciwon nan ne da ke cin gani daga gefe har ya ƙare. Ɗansa Modu ya karɓi sitiyari. Modu direba ne mai kyau, ba zan rage masa ba, amma abin da ya fara yi shi ne abin da ku ma za ku yi. 'Yar tagar hagu ta fara ƙaraf-ƙaraf, sai ya sayi gam ya liƙe ta ruf, ya huta. Baba kuwa ya ƙi zaman gida, kullum yana kujerar dama. Har ranar da ya zo sauka a kasuwa ƙafarsa ta kuskure ya faɗi ya fasa goshi. Daga nan iyali suka haɗu suka yanke cewa ya isa haka, tsoho ya zauna a zaure a riƙa kawo masa abinci. Ba don ƙiyayya suka yi ba, tsoro ne. Amma na je gaishe shi na tarar da shi a kan tabarma yana fuskantar bango, ya rame, ko tsokanar tawa bai yi ba. Na fito raina a ɓace.

A wannan shekarar ce aka yi babban ruwa. Wasunku suna goye a lokacin. Ruwa ya zo ta sama, ya zo ta kogi, gonakin shinkafa suka nutse har ba ka ganin ko kan zangarniya. Duk namijin da ke garin nan ya bar sana'arsa ya koma bakin jinga, muna cika buhuna da ƙasa muna jerawa don kada kogi ya shigo mana gari. Makarantu suka cika da mutanen ƙauyuka. Gareji ya mutu murus, don wa zai gyara gilashin motar da ba ta da inda za ta? Gilasan tagogin gidaje na koma yankawa, da na fitila, muka ci abin da ya samu. Ban taɓa ganin shekara irinta ba, kuma ba na fatan sakewa.

Wata safiya a tsakiyar wannan hali, ina buɗe rumfa, sai ga a-kori-kurar Baba Kyari ta tsaya. Modu ne a sitiyari fuskarsa a murtuke, ga tsohon zaune a dama da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Modu ya fito ya jawo ni gefe ya yi mini bayani. Ƙanwarsa Fanna tana aure a wani ƙauye bayan Auyo, ruwa ya kewaye su, gidaje sun fara zubewa, ga yara ga hatsin da suka iya tsamowa daga rumbu. Kwalekwale kaɗan ne, kuma ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa, sai an yi doguwar zagaya. Shi zai gwada shiga ta hanyar burji, amma tsohon ya riga shi shiga mota tun da asuba ya ce sai dai a ɗauke shi cak.

Modu ya ce, "Kawu Sale, don Allah ka yi masa magana, yana jin taka. Ni ɗaya in na maƙale zan iya iyo. Da shi fa?"

Kafin in buɗe baki tsohon ya ƙwanƙwasa gilashi da kan sanda. "Bafulatani, bar wannan ƙus-ƙus ɗin, idona ne ya tafi ba kunnena ba. Zo ka tayar mini da wannan tagar ta gefena. In ka gyara na hau na kasa tsinana komai, na yi alkawari in koma tabarmata har ranar da za a ɗauke ni, ba wanda zai sake jin bakina."

Modu ya dube ni, na dube shi. Na shimfiɗa buhu kamar yadda kuka ga na yi yau.

Ƙofar damar nan ban taɓa buɗe cikinta ba. Na ɓalle kwali na tarar da gidan zanzaro da ƙasar fadama ta shekaru. Notin ya zama abu guda da ƙarfen. A ka'ida man birki za ka zuba ka bar shi ya kwana, amma ba mu da kwanan. Na ciro firam ɗin gaba ɗaya, na lallaɓa na zare gilashin na ajiye shi a kan rigata, sannan na kai ƙarfen wurin mai shayi na tura gindinsa a garwashi har ya fara canza launi, na tsoma a mai. Na kama da filaya ina juyawa kaɗan ina mayarwa, ina jin yadda yake kuka, don in ya karye ba inda zan samu wani a garin da ruwa ya yanke. Can sai ya saki. Ina da sauran fata a gwangwani, na sa masa sababbi, na yanka tub na yi roba, na mayar da gilashi.

Ina cikin ɗaurewa na ce, "Wai Baba, me za ka yi da ita ne haka?"

Ya yi dariya, karo na farko da na ji tun da aka zaunar da shi a gida. "Shekara da shekaru kana gyara mini ta hagu ba ka taɓa tambaya ba, sai yau. In mutum yana so ya ji magana daga nesa, ina yake sa hannunsa?"

Na ce, "Bayan kunne."

"To ita ce hannun. In ka buɗe babban gilashi, iska da ruwan sama da kukan inji duk su shigo maka lokaci guda, ba ka jin komai. In ka rufe shi ka karkata wannan daidai, ƙarar tayar gaba kaɗai take ɗaukowa ta kawo maka. Burji a ƙarƙashin ruwa yana da muryarsa, tsakuwa ce ke taunuwa. Laka ba ta magana. Da ka ji taya ta yi shiru, to ka bar hanya. Layar da ake ta faɗa ke nan."

Modu ya ce, "Amma Baba, da kunnen hagu ka saba, kuma tayar hagu."

"Na daman ai hutu yake ta yi tun ba a haife ka ba. Yau zai biya bashin zaman banza."

Na mayar da firam, aka tayar da inji. Baba ya lalubo tagar da yatsu, ya tura, ya karkata kai. Ya ce, "Tana surutu." Ni ban ji komai ba sai da na kanga kunnena a jiki, sannan na ji 'yar sakatar tana kaɗawa kamar haƙorin da ya fara girgiɗa. Na kwance ta na cusa mata ɓallin fata. Aka sake tayarwa, Modu ya zagaya da mu bayan tasha. Baba ya ce tana feɗuwa ta sama. Na duba, robar da na yanka ta ɗan tashi a kusurwa, na sa reza na daidaita. A karo na gaba Baba ya saurara da kyau, sannan ya gyara zama.

"Yanzu ta rufe bakinta. Kada ka mayar da kwalin ƙofar, ka bar notin a buɗe. Ɗauko sifanarka ka shigo tsakiya."

Ni ban iya iyo ba, kuma na faɗa masa. Ya ce ai shi ya sa yake so in zo, don Bafulatanin da ke tsoron ruwa ba zai yi wasa da aikinsa ba. Na shiga, gwiwata tana gugar giya.

Mun bar kwalta ke nan muka hau burji, ruwa ya tare mu. Na taso a ƙasar nan, na san fadama, amma ranar ban gane ta ba. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ya haɗe da sama, launinsu ɗaya. Kawunan giginyoyi ne kawai a tsaye, da balbelu jere a kan rassan da suka rage, farare tas, ko motsi ba sa yi. Hanyar kuwa an ɗaga ta ne da ƙasar da aka haƙa a gefenta, don haka dama da hagu ramuka ne masu zurfi, kuma duk ruwa ya shafe su ya zama bai ɗaya. Yayyafi ya sauko. Muka rufe manyan gilasai. Baba ya tura 'yar tagarsa, ya dawo da ita kaɗan, ya jingina kansa kusa da ita, ya lumshe idanun da dama ba sa gani.

"Giya ɗaya. Kada ka ɗaga ƙafa daga totur, kada kuma ka ƙara. Bismillah."

Ruwa ya kai cibiyar taya, ya wuce, ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa yana lasar mana ƙafa. Ba wanda ke magana sai tsohon, shi ma kalma ɗai-ɗai. "Hagu kaɗan. Ya isa. Riƙe nan." Da farko Modu idonsa yake bi. Akwai layin ciyawa da ya leƙo daga ruwa, ya ɗauka bakin hanya ne ya nufe shi, sai Baba ya ce, "Ka bar burji, dawo hagu," a daidai lokacin na ji gefen motar ya fara sunkuyawa. Modu ya murɗa, ta dawo ta miƙe. Daga nan bai sake gardama ba. Ni kuwa na buɗe kunnuwana iya ƙarfina, abin da nake ji kawai shi ne ruwa. Na dubi fuskar tsohon nan, ga tabon goshinsa bai gama warkewa ba, yana karanta hanyar da mu masu ido biyu ba ma gani.

Can tsakiya iska ta juyo daga gabas ta fara tura tagar tana rufe ta a hankali. Fata sabuwa ce, ta sha mai, ta ɗan kwanta. Baba ya mayar da ita, ta sake tafiya. Ya ce, "Sale, tana gudu daga hannuna." Bai ce Bafulatani ba, shi ya sa na san babu wasa. Na kwanta a kan gwiwoyinsa, na zura hannu cikin ƙofar, ruwa yana shigar mini hannun riga, na lalubo notin na ɗora sifana. Mota tana tafiya tana girgiza. In na matse da yawa ba zai iya daidaita ta ba, in ƙarfen nan da na gasa ɗazu ya karye kuwa shi ke nan. Na tuna ƙaramin yatsan Oga Bitrus, na murɗa ɗan kaɗan, na ɗaga kai na tura ta da nawa yatsan. Ta tafi, ta tsaya.

Mun fara hango rufin ƙauyen da mutane tsaitsaye a kan tudu suna ɗaga zannuwa, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Tsaya."

Modu ya ce, "Baba, ga garin can, har ina ganin mutane."

"Na ce tsaya. Kada ka kashe, ruwa zai shiga salansa. Ja birkin hannu." Ya ƙara karkata kai. "Ruwan da muka baro kwance yake. Wannan na gaba tafiya yake yi, yana ja ta ƙasa. Akwai kwalbati a nan wajen, kuma ba na jin yana nan."

Ni abin da na gani a gabanmu ruwa ne sumul, ba bambanci da na baya. Modu ya fita ta taga, ya zaro gorar da ke bayan mota, ya shiga ruwa yana dogarawa yana duba ƙasa. Bai yi nisa da hancin motar ba ya sake caka gorar, sai ta tafi gaba ɗaya ba ta taɓa komai ba, har ta kusa jan shi. Ya ja da baya ya tsaya, ruwa har cinyarsa, yana kallon wurin. Hanyar ta yanke, ruwa ya cinye ta da kwalbatin duka. Ya dawo ya shigo mota. Ni kam salati kawai nake, ban san lokacin da na fara ba.

Baba ya ce, "Danna oda. Daga nan kwalekwale zai iya, kusa ne."

Haka aka yi. Masu kwalekwale suka riƙa kawo mana mutane da buhuna muna lodawa. Fanna ta iso da jariri a baya, ta leƙo ta ga wanda ke zaune a gaba, ta dafe ƙofar ta fashe da kuka. Ya miƙa yatsunsa ta 'yar tagar ya taɓa goshinta, ya ce ta hau kada yaron ya jiƙe. Komawa ta fi zuwa wuya, don ba wurin juyawa, da baya muka tafi har inda Baba ya tuna akwai faɗin da motoci ke kauce wa juna kusa da wata giginya, kuma yana nan inda ya ce. Kafin magariba tayarmu ta taka kwalta.

A hanya ba wanda ya ta da maganar alkawari ko tabarma. Washegari da hantsi ina bakin rumfa sai ga motar ta wuce za ta sake komawa ɗauko sauran mutane. Tsohon yana kujerar dama, hularsa a karkace, ya ɗaga sanda yana cewa in shirya masa nono kafin ya dawo. Daga ranar har ƙarshen ransa, in Modu zai fita, sai ya fara zagayawa ya buɗe wa mahaifinsa ƙofa. Bara bayan girbi Allah ya yi wa tsohon rasuwa, a gidansa, cikin 'ya'yansa.

Motar ita ce wannan da kuka jingina da ita tun ɗazu. Jiya da yamma Modu ya kawo ta, shi ma yanzu furfura ta fara fito masa. Na ɗauka cewa zai yi in nemo masa mai saye. Sai ya zagaya gefen direba, ya ɗora hannu a kan 'yar tagar da ya liƙe da hannunsa, gam ɗin ya yi baƙi ya tsattsage.

Ya ce, "Kawu Sale, ka buɗe mini wannan. Damina ta kusa, kuma ina ganin na fara ji kaɗan-kaɗan."

Na ce to, ta daman ma bari in duba ta tunda mota ta shigo. Ya girgiza kai. Ku leƙa ku gani, a buɗe take, a karkace, daidai yadda tsohon ya bar ta ranar fitarsa ta ƙarshe. Ya ce ko ruwa ake yi ba ya rufe ta, kujerar ta jiƙe ta bushe.

Don haka kada wanda ya taɓa ƙofar dama. Ku mayar da gam ɗin nan inda kuka ɗauko shi, ku miƙo mini reza da gwangwanin fata, mu fara da ta hagu.